Esi, fanka da hita marasa ƙara: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi a Jos

Jama'a in mun shiga shago sayen esi ko hita tambaya biyu kawai muke yi, nawa ne, kuma yana shan wuta? Ba mai tambayar yaya ƙararsa take. Sai an kai gida an huda bango an ɗaura, dare ya raba gari ya yi tsit, sannan mutum zai gane ya sayo abin da zai riƙa katse masa barci shekara da shekaru, a lokacin kuma ba zancen mayarwa tunda kwalin ma yara sun riga sun yage shi. To wannan rubutun a kan haka yake, abin da za ka lura da shi tun kana gaban mai shago, da abin da za ka tsaya a kai ranar da mai ɗaurawa ya zo.

Mu mutanen Jos lamarinmu daban yake da na sauran garuruwa, domin mu duka biyun muke nema. Garin yana kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko wajen digiri 10 har mutum ya ji ruwan alwala kamar zai tsinke masa yatsu, sannan Maris da Afrilu su zo da nasu zafin wanda duk da bai kai na Abuja ba amma a ɗaki mai kwano ba silin kirki yana hana sakat. Ɗan uwanka da ke Kubwa ko Lugbe ko Nyanya shi sanyi kawai yake nema kusan duk shekara, a Maris zafinsu na haura digiri 37, don haka in ya ce maka sayi kaza shi na saya, ka saurare shi amma ka auna da garinku. Da yawa a nan fanka mai kyau da hita ɗaya sun ishe su, kuɗin esin ma su ajiye abinsu.

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne ƙarar da ke tada mutum daga barci ba wadda take tafiya bai ɗaya ba ce. Kunne yana sabawa da shuuu ɗin fanka, wasu ma ba sa iya barci sai da ita. Wadda ke tada mutum ita ce mai tashi da tsayawa, yanzu shiru, can bayan minti goma ka ji gum! kwamfiresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi a cikin esi, ta tashi bango ya amsa, fitila ta ɗan yi ƙasa, jariri ya farka, kai ma ka farka, kafin barci ya sake ɗaukarka ta kuma mutuwa. Duk sauran bayanin da zan yi daga nan ya samo asali, kana neman na'urar da za ta yi ta aiki a hankali ba tsayawa, maimakon mai ƙarfi da ke fizga tana saki.

Ana auna ƙara da desibel, a jikin kwali ko takardar kaya za ka ga an rubuta dB ko dB(A) da lamba a gabansa. Raɗa wajen 30 take, hirar mutum biyu a falo wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a ƙa'idojinta na 1999 ta ce ɗakin kwana da dare bai kamata ƙarar da ke gudana a cikinsa ta wuce 30 ba in ana son barci mai kyau. Inda mutane ke ruɗewa shi ne lissafin ba irin na kuɗi ba ne, ƙarin 10 kacal kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu, wato mai 40 ya ninka mai 30, mai 50 kuma ya ninka mai 30 ɗin sau huɗu. Kada mai shago ya ce maka ai Alhaji bambancin bakwai ne kawai ba komai, bakwai ɗin nan da ƙarfe biyun dare abu ne babba.

Sannan akwai wayon da kamfanoni ke yi, ba ƙarya suke ba amma lambar da suke bugawa da manyan baƙi a gaban kwali, irin su 19dB ko 21dB, ta mafi ƙanƙantar gudun fanka ce, wanda a ranar da ake zafi sosai ba a kansa za ka bar esin ba. Ka ce a buɗe maka littafin da ke cikin kwalin, a can za ka ga lambobi uku ko huɗu a jere, na ƙaramin gudu da matsakaici da babba. Na tsakiyar nan shi ne rayuwarka ta kullum. In ya tsaya wajen 30 zuwa 35 ka samu kaya, in ya haura 40 to a falo ya dace ba ɗakin kwana ba. Ka kuma duba lambar injin da ake ajiyewa a waje, yawanci tana tsakanin 45 da 55, domin shi ma wani zai kwana da shi ko da ba kai ba ne.

Gwaji a shago fa kada ka dogara da shi sosai. Kana Ahmadu Bello Way ko Taminus, ga hon ɗin 'yan keke ga janareton maƙwabci ga mai kiɗa a ƙofar shago, komai aka kunna maka shiru za ka ji. Ga shi kuma sau da yawa kan na ciki kawai suke kunnawa, fankarsa ce ke juyawa ba kwamfiresa. In da hali ka nemi wani ɗan uwa ko aboki mai irinsa a gida ka je bayan Isha'i ka zauna minti ashirin, ka sauke manhajar auna ƙara a waya, akwai su kyauta, ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba amma in ka auna na'ura biyu da waya ɗaya a tazara ɗaya za ta nuna maka wadda ta fi.

Yanzu irin esin kansa. Na taga, wannan akwatin da ake huda bango a zura, komai nasa a haɗe yake, kwamfiresa da fanka duk suna nan saman kanka, ƙararsa kan kai 50 zuwa 60 kuma in ya tsufa yana haɗawa da kaɗa firem ɗin taga. Arha ne, gyaransa ba wuya, amma mai neman shiru ya manta da shi. Mai taya da ake turawa ɗaki zuwa ɗaki da bututunsa a taga shi ma jirgi ɗaya ne, kwamfiresar na cikin ɗakin tare da kai, sai dai ga wanda mai gidan haya ya hana huda bango. Sifilit shi ne magana, mai kai a ciki da injin a waje, an raba ka da abin da ke ƙarar ke nan tun daga farko. Na tsaye irin na masallatai da manyan faluka iska yake turawa da nisa don haka fankarsa na da murya, ba na ɗakin barci ba ne.

A cikin sifilit ɗin ma ka nemi inbata. Kada a rikita shi da inbatar sola, wannan wani allon lantarki ne a cikin injin da ke sa kwamfiresa ta rage gudu ko ta ƙara gwargwadon buƙata. Tsohon samfuri gudu ɗaya ya sani, ko yana aiki da dukkan ƙarfinsa ko ya mutu, kamar direban da ke taka mai ya taka birki ya kuma taka mai tun daga Mararrabar Jama'a har Akwanga, shi kuwa inbata da ɗakin ya yi sanyi sai ya koma yana tafiya a hankali, wannan gum ɗin da na faɗa babu shi. Amfani na biyu ba ya fizgar wuta lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareto ko sola ke iya ɗaukarsa inda tsohon zai kashe su nan take. LG da Samsung da Hisense da Panasonic da Midea da Gree da Daikin da Haier Thermocool duk suna da nasu a kasuwa, Samsung ma na da wanda suke kira WindFree mai fitar da iska ta dubban ƙananan ramuka don wanda ba ya son iska na dukansa kai tsaye. Ni ba zan ce maka ga wanda ya fi ba, amma zan ce ka tambaya ko akwai mai gyaran allonsa da kayan gyaransa a Jos, don matsalar inbata ke nan, in allon ya ƙone kuɗin yana da nauyi kuma ba kowane mai gyara ke taɓa shi ba.

Girma kuma mutanenmu suna da son babba, wai gara ya yi yawa. A'a. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 hos ɗaya ya ishe shi, wato wajen 9,000 a ma'aunin ƙarfin sanyayawa da ake kira BTU, ɗaki babba hos ɗaya da rabi mai 12,000, falo hos biyu mai 18,000. In ka sa babba a ƙaramin ɗaki zai sanyaya shi cikin minti kaɗan ya mutu ya kuma tashi, tashi da mutuwar nan da muke gudu ka saya da kuɗinka. In kuma ya yi ƙanƙanta ba zai taɓa hutawa ba, kullum fanka a ƙarshen gudu. A Jos ba ka buƙatar ƙara komai a kan wannan lissafin sai in ɗakin na saman bene ne ko tagarsa na kallon yamma rana na dukanta tun daga Azahar, a Abuja kam irin wannan ɗakin gara a hau mataki ɗaya.

Na hannu, wanda ake ce wa tokumbo ko ɗan Beljiyam, ban hana ba tunda aljihu kowa ya san nasa, amma ka sani ƙara ita ce abu na farko da tsufa ke kawowa, robobin da kwamfiresa ke zaune a kai sun bushe, boris ɗin fanka ya ci. Ka duba farantin da ke gefen injin, in gas ɗinsa R22 ne to tsohon yayi ne da duniya ke janyewa daga gare shi, na yanzu R410A ne ko R32. Ka duba wutarsa ma, tamu 230 ce da 50Hz, kayan da aka yi wa Amurka na 60Hz ne, in ka haɗa shi da tamu gurnani zai yi ta yi har ya gaji. Kuma kada ka biya sai an haɗa shi gaba ɗaya an kunna ka ɗora tafin hannu a kan injin na waje ka ji yadda yake rawa.

To ga inda rabin matsalar take, ɗaurawa. Wallahi esi mai tsada in ya faɗa hannun wanda ke sauri ya tafi wani aikin sai ya fi na taga damu. Abin da aka saba shi ne a kafa na ciki, a huda bango, a maƙala na waje daidai bayansa don a rage kuɗin bututun jan ƙarfe, wato injin yana jikin bangon da kan gadonka yake ke nan, kuma bulo yana ɗaukar girgiza ya kawo maka ita har cikin filo. Ka ce masa Malam don Allah a matsar da shi, ko da za ka ƙara kuɗin bututu. Kamfanoni da yawa ma a littafinsu sun ce kada bututun ya gaza mita 3 saboda wannan dalilin, gajeren bututu yana shigo da ƙarar kwamfiresa da ta gudun gas cikin ɗaki. Mafi kyau duka a ajiye injin a ƙasa a kan ɗan dakalin siminti a yi masa keji saboda masu ɗauke-ɗauke, in dole sai a bango to a bangon ban-ɗaki ko na kicin ko sito, a kan ƙarfe mai kauri da aka ɗaure da kusoshi masu kyau, sannan a ƙarƙashin ƙafafunsa huɗu a sa robar da ke shanye girgiza. Robar nan kuɗinta bai taka kara ya karya ba amma in ba ka tambaya ba ba za a sa ba. Kejin ma a lura, in ƙarfensa na taɓa jikin injin shi ma ƙara zai riƙa yi, a bar tazara ko a cusa roba a tsakani.

Kada a ɗora shi a kan rufin kwano ko rumfar kwano ko kaɗan. Kada a cusa shi a lungun da ke tsakanin bango biyu inda ƙara za ta yi ta bugawa tana dawowa kuma iska mai zafi ba ta da wajen fita, a bar masa kamar santimita 30 ta baya gabansa kuma a buɗe. Duk lokacin da ka ninka tazara tsakaninka da injin a fili ƙarar na raguwa da wajen 6dB, don haka mita biyun da ka ƙara ba asara ba ce. Ka kuma duba tagar wa yake kallo. A gidan haya irin namu na Anguwan Rogo ko Gangare ko Rikkos inda ɗaki ke jikin ɗaki, ka sayi shiru a ɗakinka ka tura wa maƙwabci ƙara da zafi ta tagarsa, wannan shiga haƙƙi ne kuma yana kawo gaba tsakanin iyali. Haka ruwan da ke ɗiga, a ja robarsa har ƙasa, in aka bar shi yana ɗiga kan kwano ko bokitin ƙarfe ɗis ɗis ɗin nan ya fi injin kansa hana barci.

Sai kan na ciki, farantin da ake rataye shi ya zauna daram a miƙe, a auna da ma'aunin ruwa ba da ido ba, ramin da bututu ya bi a toshe shi da kyau don ta nan ƙarar waje da ƙura da ƙadangaru ke shigowa. Kada ya zama saitin kan gado. Kuma ka tabbata mai ɗaurawa ya zo da famfon zuƙe iska ya zuƙe bututun minti goma sha biyar ko fiye kafin ya saki gas, da yawa ba sa yi, sai su ɗan saki gas ya tura iskar su ce ya isa, iska da danshin da suka rage a ciki su ne ke wahalar da kwamfiresa ta riƙa zafi tana ƙara.

Wani abin da ake mantawa shi ne sitabilaiza. Ka kashe kuɗi ka sayi esi shiru sannan ka ajiye sitabilaiza a gefen gado tana ƙas ƙas ƙas duk lokacin da wuta ta yi sama ko ƙasa, kuma mun san yadda wutarmu take. A kafa ta a waje ko a baranda inda ruwa ba ya taɓawa. Inbatar sola ma tana da fanka a ciki da ke tashi in kaya sun yi mata nauyi, wajenta sito ko lungun baranda mai iska, ba ɗakin kwana ba. Janareto kuwa in irin buɗaɗɗen nan ne da ke haura 70dB to duk wannan lissafin ya rushe, sai dai a nisanta shi, kuma ko don ƙara ko don tsoron ɓarayi kada a kuskura a shigo da shi cikin gida ko baranda rufaffiya, hayaƙinsa ya sha kashe iyali guda a ƙasar nan.

Fanka ita ce ta yawancinmu don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Ƙa'idar ita ce babbar fanka a ƙaramin gudu ta fi ƙarama a babban gudu shiru, iskar ɗaya ce amma ƙarar ba ɗaya ba. Ta sama mai inci 56 a lamba biyu ta fi 'yar tebur da ke ihu a lamba uku. Akwai sabon samfuri mai injin BLDC, yawanci da rimot take zuwa, tana cin wajen wat 30 inda ta da ke cin 70 zuwa 75, ba ta wannan gurnanin, kuma ga masu sola ba ta da na biyu. In fankarka ta sama na yin huuum a ƙaramin gudu sau da yawa ba laifinta ba ne, regiletar nan ce mai juyawa sumul ba mataki, a canza ta da mai lamba ɗaya zuwa biyar. In tana rawa kuma to fukafukan ne ba su daidaita ba, ko ɗaya ya lanƙwashe wajen shara ko an haɗa na wata fankar, a auna tazarar kowanne daga silin a ga. In ƙiii take yi boris ne, a canza shi, man ja ko man gyaɗa da wasu ke ɗiga mata ƙura kawai yake tarawa. Masu caji na tsaye kafin ka saya ka kunna juyawar kan ka saurara, a nan ƙwas ƙwas ɗin yake ɓuya.

Fanka mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara, a Fabrairu da Maris da iska ke bushe tana aiki sosai a nan har ta rage bushewar hanci, amma da damina ta sauka danshi kawai take ƙarawa. Ba shiru gare ta ba, fanka ce babba da famfo, ta fi dacewa da falo, kuma a riƙa canza ruwan.

Mu koma ɗumi, wanda shi ne namu na Jos. Hitar da ta fi yawa a kasuwa ita ce 'yar ƙaramar nan mai fanka a ciki, arha ce tana ɗumama ɗaki nan da nan, amma ita ce sarkin damu, fanka na ihu, ta mutu ta tashi, ga ƙaurin ƙura, ga busar da maƙogwaro a lokacin da hunturu ya riga ya busar da shi. Ta yi daidai da minti goma kafin wanka da asuba, ba ta kwana ba ce. Mai jan haske irin ta halojin ba ta ƙara ko kaɗan amma abin da ke gabanta kawai take gasawa, haskenta na hana wasu barci, kuma gidan da ke da yara masu rarrafe ko labule na kaɗawa hatsari ce. Wadda nake ba mutane shawara ita ce mai mai a ciki, mai kama da rediyetar mota a kan tayoyi. Ba fanka, ba abin da ke motsi, man da ke rufe a ciki ne ke zafi ya bi ƙarfen ya ɗumama iska, ba a ƙara mata mai kuma ba ya ƙarewa. Abin da za ka ji bai wuce ɗan ƙas na makunnin zafi jefi-jefi ba. Aibinta jinkiri, sai ka kunna ta kamar rabin awa kafin a kwanta, amma ko an ɗauke wuta tana ci gaba da ba da ɗumi na ɗan lokaci, wanda a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai maganar wuta. Duk hitar lantarki ko wace iri ce abin da ta ci shi take bayarwa, kada wani ya ce maka tasa ba ta shan wuta. Mai wat 2,000 yunit biyu take ci a awa in tana aiki ba tsayawa. A Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, awa ɗaya naira 450 ke nan a lokacin, ka lissafa dare guda ka ga, ko da yake makunnin zafi na ɗan rage wa. Ka sayi mai matakai ka bar ta a na ƙasa. Kuma ta shiga soket ɗin bango kai tsaye, wajen amfiya 9 take ja, 'yan ekistenshan ɗin nan na kasuwa narkewa suke yi. Ba a shanya kayan yara a kanta. Ƙaramin janareto irin Tiger kuwa ba zai ɗauke ta ba, kada ma a gwada.

Ga wanda zai sayi esi dama, akwai dabara mai kyau da ba kowa ya sani ba, akwai sifilit mai yin sanyi da ɗumi duka, yana juya aikinsa ne ya kwaso ɗumin waje ya shigo da shi, kuma da yunit ɗaya na wuta yana ba da ɗumin da hita za ta ci wajen yunit uku kafin ta bayar. Sanyin Jos bai kai wanda zai gagare shi ba. Matsalar yawancin waɗanda ake kawowa Najeriya na sanyi ne zalla, sai ka nema musamman wataƙila ma a yi maka oda daga Abuja ko Legas. Kada alamar rana a jikin rimot ta ruɗe ka don rimot ɗaya suke yi wa samfura da yawa, farantin gefen injin za ka duba, in akwai layin Heating da lambarsa ban da na Cooling to shi ne.

Kasko da gawayi kam na san shi muka tashi muka gani, shiru ne kuma ba ruwansa da NEPA, amma gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta wuce da shi. In za a ji ɗumi a ji a tsakar gida ko taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta, ko ya zama toka-toka ne. Hitar gas da risho ma hukuncinsu ɗaya. Robar ruwan zafi a cikin bargo da safa a ƙafa sun fi su aminci nesa ba kusa ba, ga tsofaffi ma a nannaɗe robar da tawul kada ta ƙona fata.

Ɗakin kansa in ka gyara shi na'urar ba za ta yi ta wahala ba balle ta yi ƙara. Tagogin luba na tsofaffin gidajenmu iska na shiga ta kowane gilashi, a sa labule mai kauri har ƙasa, a toshe ƙasan ƙofa da roba ko tsohon bargo, a gyara silin da ya ɓule, a shimfiɗa kafet in tayil ne. Labule da kafet suna shanye ƙara ma, ɗakin da ba komai sai tayil da bango amsa-kuwwa yake yi. Esi kuma a bar shi a 24 zuwa 26, masu sa shi a 16 ba saurin sanyi suke ƙara masa ba, hana shi rage gudu kawai suke yi, ga maɓallin barci a rimot a yi amfani da shi.

Da hunturu ƙura na toshe rariyar esi cikin ɗan lokaci, in ta toshe sai ka ji yana huci yana fito, duk sati biyu a zare ta a wanke da ruwa a shanya a inuwa, na wajen kuma a sa mai gyara ya wanke shi bayan ƙura ta wuce kafin zafin Maris. Ba kowace ƙara ce matsala ba, ɗan ƙulululun gas a bututu da ƙas ƙas ɗin roba in tana sanyi ko tana hucewa duk lafiya ne. Kakkarwar ƙarfe yawanci kusa ce ta kwance ko bututu na gogar bango. In injin waje na gurnani amma ya ƙi tashi a tsohon samfuri galibi kafasita ce, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa kwamfiresa ta tashi, a kashe shi nan take kada kwamfiresa ta ƙone.

Ranar ɗaurawa kada ka sallami mai aiki da kuɗinsa duka sai an kunna ya yi aƙalla rabin awa. Ka rufe ƙofa ka kashe talabijin, ka zauna daidai inda kake sa kai in za ka kwanta, a gwada kowane gudu, ka ɗora hannu a bango ka ji ko yana rawa, ka fita ka tsaya a bakin tagar maƙwabci ka saurara, ka duba inda ruwan ke zuba. Abin da bai yi maka ba a gyara shi a take tun tsani na jingine. Rasit da katin garanti kuma ka sa mai shago ya rubuta lambar injin ciki da ta waje ya buga hatimi, ka ɗauki hotonsu a waya don takardar rasit ɗin yanzu rubutunta gogewa yake yi cikin 'yan watanni.